Faks ba tare da na'ura ba: amsoshin tambayoyin 'yan'uwa mazauna Saudiyya

Har yau akwai ofisoshin da za ka je da takarda a hannu su ce maka, "Aiko mana ta faks." Sun ragu ƙwarai, amma ba su ƙare ba, kuma ranar da ka ci karo da irinsu ba ruwansu da cewa ba ka da na'ura. Aikina rubuta wa mutane wasiƙu da shirya musu takardu ne a wani maktabi a Jidda, saboda haka maganar faks tana yawan zuwa gabana: daga masu aikin kago zuwa Kano da Yamai, daga masu kula da masaukin alhazai a Misfala da Shari'u Mansur, har da ɗaliban Madina. Na tattara tambayoyin da aka fi yi na amsa su a nan. Ra'ayina shi ne yawancinmu lambar faks muke buƙata, na'urar kuwa za a iya rabuwa da ita. Sai dai duk wanda ya koma karɓar faks ta imel, to takardun mutanen da ke hannunsa sun koma cikin akwatin imel ɗinsa, kuma amanarsu tana wuyansa.

Malam, wai faks ta imel ɗin nan, imel ne ko faks ne?

Duka biyun ne, kowanne a ɓangarensa. Akwai kamfanonin da suka girke manyan kwamfutoci suka haɗa su da layukan tarho. Idan ka yi rajista da su, sai su ba ka lambar faks taka. Duk wanda ya sa takarda a na'urarsa ya buga wannan lambar, kwamfutarsu ce za ta amsa kiran, ta karɓi shafukan, ta mayar da su fayil na PDF ko TIFF, ta turo maka cikin imel. In kai za ka aika, sai ka tura musu fayil ɗin ta imel ko ta manhajarsu, su kuma su kira na'urar wancan ofishi ta layin tarho su miƙa mata. Kamar direban da kake ba wa saƙo a tasha ne: kai ba ka da mota, amma saƙonka ya hau hanya ya isa.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne na'urorin faks na duniya duk ƙa'ida ɗaya suke bi. Tun 1980 hukumar tsara ƙa'idojin sadarwa ta duniya, wadda yanzu ake kira ITU-T, ta tsayar da tsarin Group 3, kuma a kansa kusan kowace na'ura ke aiki har yau. A 1998 aka ƙara wasu ƙa'idoji biyu: T.37 ta ɗaukar faks a cikin imel, da T.38 ta wucewar faks kai tsaye ta intanet. Sunayen da za ka fi gani in ka shiga nema su ne eFax, MyFax, iFax, Fax.Plus na kamfanin Alohi da ke ƙasar Suwizalan, da Dropbox Fax wanda a dā ake kira HelloFax. Ba tallar kowa nake yi ba. Abin da za ka auna su da shi yana cikin amsoshin da ke tafe.

Wanda na aika wa zai gane cewa ba da na'ura na aiko ba?

A'a. Takarda ce za ta fito daga na'urarsa kamar kullum, da ɗan layin nan na sama mai ɗauke da lamba da kwanan wata. Sau da yawa ma ta fi fitowa fes, domin fayil ɗin bai bi ta gilashin tsohuwar na'ura mai ƙura ba.

A zamanin manhajojin gwamnati irin su Absher da Nafath, wa ke amfani da faks kuma? Me ya hana a tura ta WhatsApp?

Gaskiya ce, harkokin gwamnati sun bar faks a baya. Iƙama, wato katin izinin zama, da biza suna Absher da Muqeem, kwantiragin aiki yana Qiwa, shari'a tana Najiz, Umara tana Nusuk, rasit ɗin kasuwanci kuma tun 4 ga Disamba 2021 ya koma tsarin Fatoora na hukumar zakka da haraji. Inda ake ci gaba da jin kalmar faks shi ne wasu asibitoci da ɗakunan shan magani, wasu otal-otal, wakilan jiragen ruwa, da kamfanonin ƙasashen waje. Wanda ke nema wa mahaifinsa gado a wani asibiti a Jamus ko Amurka, ko mai odar kayan gyaran mota daga wani ƙaramin kamfani a Japan, kada ya yi mamaki in an ba shi lambar faks. A Ingila ma sai da gwamnati ta hana asibitocin NHS sayen sabbin na'urorin faks daga Janairun 2019 kafin aka fara rabuwa da su. Abin ya daɗe a hannun mutane: Alexander Bain na Sikotilan ya yi rajistar dabarar tun 1843, shekara 33 kafin Bell ya yi rajistar tarho a 1876.

Dalilin da ya sa wasu ofisoshi ke ƙin WhatsApp kuwa ba taurin kai ba ne kawai. Lambar WhatsApp ta ma'aikaci ce. In ya tafi hutu ko ya bar aiki, takardarka ta tafi da shi. Lambar faks ta ofishi ce, abin da ya shigo ta nan akan sa shi cikin rajistar saƙonnin da suka iso, wato warid, a ba shi lamba. Duk da haka shawarata ta farko ga kowa ita ce ya tambaya tukuna: "Kuna karɓa ta imel ɗin ofishi?" Da yawa za su ce eh, lambar faks ɗin tana kan takardarsu ne kawai saboda ba a sake buga sabuwa ba.

To yaya ake aikawa?

Ka shirya takardar a PDF. Ka buɗe imel ɗin da ka yi rajista da shi, domin daga wani imel daban kamfanin ba zai karɓa ba. A wurin adireshi sai ka rubuta lambar faks ɗin, sai alamar @, sai adireshin da kamfanin ya ware: masu eFax efaxsend.com suke sawa, masu Fax.Plus kuma fax.plus. Ka liƙa fayil ɗin ka tura. Bayan 'yan mintoci rahoto zai dawo maka, ko ya isa ko bai isa ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne rubuta lambar. Za ka fara da 966, ka cire sifirin farko, sannan lambar gari da sauran lambobi 7. Riyad 011 ce, saboda haka 96611. Jidda da Makka da Ɗa'if 012 ce, wato 96612. Yankin gabas 013, Madina 014, Ƙasim da Ha'il 016, Asir da Jazan da Najran 017. Ka lura da tsofaffin takardun kamfanoni: kafin 2013 lambar Jidda 02 ce, ta Riyad 01, kuma har yanzu akwai masu raba kati da tsohuwar lamba a jiki. In ka kwafe ta yadda take, saƙon ba zai je ko'ina ba. Lambar da ta fara da 05 kuwa wayar hannu ce, ba ta karɓar faks.

Abu na biyu, abin da ka rubuta a jikin imel ɗin yakan zama shafin farko na faks. In akwai doguwar gaisuwa da tsofaffin saƙonni a ƙasa, duk za a buga su a can ofishin mutane, kuma za a lissafa maka su a matsayin shafuka. Ka share komai, ka bar sunan sashen da kake nufi, sunan mai takarda, lambar mu'amala in akwai, adadin shafuka, da lambar wayarka. In ofishin na nan ƙasar ne, ka rubuta da Larabci. Takardar da ba ta faɗi sashen da za ta ba takan kwana a kan tebur ba mai ɗauka.

Zan iya samun lambar Saudiyya, mai 012 ko 014?

Wannan ce tambayar da ya kamata a yi kafin a biya ko halala ɗaya. Aikawa daban, karɓa daban. Yawancin kamfanonin nan za su bar ka ka aika zuwa lambar Saudiyya. Amma ba ka lambar Saudiyya ta karɓa, ba kowannensu ke da ita ba. Lambobin da suka fi yawa a hannunsu na Amurka ne da Kanada da ƙasashen Turai. Layukan tarho a nan suna ƙarƙashin hukumar sadarwa ta CST, wadda kafin 2022 ake kira CITC, kuma kowane layi sai an ɗaure shi da shaidar mai shi, iƙama ko katin ɗan ƙasa, ko sijillin kasuwanci in na kamfani ne.

Wani zai ce to sai in ɗauki lambar Ingila mana. Matsalar ita ce mai aiko maka daga Jidda sai ya buga kiran ƙasar waje, kuma layukan ofisoshi da yawa an rufe musu sifirin ƙetare, ba sa kiran waje sam. Sakatare zai gwada sau ɗaya, ya ga bai shiga ba, ya ajiye takardarka. Saboda haka in abokan hulɗarka 'yan cikin ƙasa ne, ka duba jerin ƙasashen kamfanin da idonka, ko ka je sashen 'yan kasuwa na kamfanin da ya ba ka layi, stc ko Mobily ko Zain, ka tambayi abin da suke da shi. In kuwa aikawa kawai kake yi, ko masu aiko maka suna Turai ne, lambar waje ta wadatar.

Ni ina da layi tun dā, lambar tana kan hatimina da katina. In na bar na'urar sai in rasa lambar?

Alhaji, kada ka yi garajen yanke layin. Lambar da abokan ciniki suka sani shekara da shekaru dukiya ce. Akwai masu karkatar da kiran layin, wato tahwil, zuwa lambar faks ta intanet, amma duk kiran da aka karkatar kai ke biyan kuɗinsa, kuma in lambar ta waje ce farashin ƙetare ne, ga shi shafuka sukan yanke a hanya. Hanyar da na fi so wa irinka ita ce firinta mai haɗe da faks da sikana wadda ke iya tura abin da ta karɓa zuwa imel ba tare da ta buga shi a takarda ba. Da yawa daga cikin firintocin ofis suna da wannan a saitinsu, masu su ne ba su sani ba. Lambarka tana nan, takarda da tawada sun huta, saƙo kuma yana samunka ko kana Mina ko kana Kano. Illarta ɗaya: dole na'urar ta kasance a kunne, da intanet a jikinta.

Wanne ya fi araha?

Ya danganta da yawan aikinka. A ɓangaren na'ura akwai kuɗin layi na wata-wata, tawada, takarda, da mai gyara. A ɓangaren intanet akwai kuɗin wata da yawanci da dala ake yankewa, kuma tunda dala tana tsaye a riyal 3.75 lissafin ba shi da wuya. Abin da ke rikita lissafin shi ne yadda suke ƙirga shafi. In an ce maka shafi ɗari a wata, sau da yawa ana nufin zuwa Amurka ko Turai. Zuwa wasu ƙasashe shafi ɗaya yakan ci kuɗin shafuka da dama. Wasu kuma da lokaci suke aunawa, shafin da ya wuce daƙiƙa 60 yana tafiya sai su lissafa shi biyu, kuma shafi mai hoto ko baƙin zane shi ke jan lokaci. Ka nemi teburin farashinsu ka duba layin Saudiyya musamman.

Gwajin kyauta kuma a yi hattara da shi. Za su karɓi lambar katinka tun ranar farko, in kwanakin suka cika ba ka soke ba su fara cira. Katin mada na bankunan Saudiyya mai alamar Visa ko Mastercard shi ke wucewa a irin waɗannan shafuka. Ka kuma sani in ka daina biya lambar takan koma hannun kamfanin, wata rana a ba wani, shi kuma ya riƙa karɓar takardun da ake aiko maka. Su kuwa shafukan da ke cewa komai kyauta ne, ba rajista ba komai, araha ba ta ado. Ban yarda a ɗora fasfo ko rahoton asibiti a kansu ba.

Na aika takarda mai hatimi da hoto, suka ce baƙi ƙirin ta fito. Me ya faru?

Faks na yau da kullum fari da baƙi kawai ya sani. Shuɗin hatimi ko dai ya dushe ko ya zama dunƙulen baƙi, hoton fasfo kuma fuskar takan ɓace. Ga shi ƙarfin ganinsa kaɗan ne: a saitin da aka saba ɗigo 204 ne a kwance da 98 a tsaye cikin kowane inci, a saiti mai kyau kuma 204 da 196. Kullum ka zaɓi mai kyau ɗin.

Wannan ya fi muhimmanci yanzu da takardu da yawa ke ɗauke da alamar QR, kamar rasit ɗin Fatoora da takardun da aka yi wa tasdiƙi, wato tantancewa, ta intanet a majalisar 'yan kasuwa. In alamar ta dagule a faks, waya ba za ta karanta ta ba, ma'aikacin kuma ba shi da hanyar tabbatar da takardar. Ka rubuta lambar takardar da manyan haruffa a shafin farko domin ya iya nemo ta da hannu. Kada kuma ka ɗauki hoton takarda a kan darduma ko cikin inuwa ka tura haka nan. Ka yi amfani da manhajar sikanin da ke mayar da shafi fari tas, ka duba shi a fari da baƙi kafin ka aika. Abin da kai ba ka iya karantawa a allon wayarka, su ma ba za su iya ba.

Rubutun Larabci ya fito a wargaje, haruffa a rarrabe.

Fayil na Word ka tura. Kwamfutar kamfanin ce ke juya shi zuwa hoto, kuma in ba ta da irin haruffan da ka yi amfani da su sai ta sa nata, Larabci ya watse, ƙ da ɗ da ɓ na Hausa su zama akwatuna. Ka mayar da shi PDF a kwamfutarka, har da shafin farko, sannan ka tura.

Malam, ni fasfo da bizar alhazaina nake aikawa. Sirrinsu zai tsira ta wannan hanya?

Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, kuma na ji daɗi da kika yi ta. Kada mu ɗauka tsohuwar na'ura ta fi tsaro. Takarda takan fito ta zauna a faranti, mai shara ya gani, baƙo ya gani, wanda ya zo karɓar tasa ya haɗa da ta wani. Layin tarho kansa ba ya ɓoye abin da ke wucewa ta cikinsa. A 2018 masu bincike na kamfanin Check Point sun nuna cewa da faks ɗaya da aka shirya da mugun nufi ana iya ƙwace firinta mai haɗe da faks, a bi ta cikinta a shiga kwamfutocin ofis. Ta wannan fuskar, saƙon da ke zuwa kai tsaye cikin imel ɗinki ya fi.

Amma haɗarin bai gushe ba, wuri ya sauya. Na'ura takan nuna takardar yau ce kawai ga wanda ke tsaye a gabanta. Imel kuwa yana tara na shekaru: fasfo, iƙama, rahoton likita, lambar asusun banki, duk a wuri ɗaya, kuma wanda ya samu kalmar sirrinki yana iya kwashe su daga kowace ƙasa ba tare da ya taka ƙofar ofishinki ba. Da kwafin fasfo da iƙama ake yi wa bayin Allah sojan gona, kuma mutanenmu, musamman tsofaffin da suka zo ibada, ba su da ƙarfin bin kadin irin wannan. Sun miƙa miki takardunsu ne don sun yarda da ke.

Saboda haka ki buɗe imel na aiki daban da wanda kike harkokin gida da shi. Ki sa masa tabbaci mai hawa biyu, wato bayan kalmar sirri sai an shigar da lambar da ke zuwa wayarki. Kada kalmar sirri ɗaya ta zama ta kowa a ofis; kamfanonin da yawa suna barin a ƙara ma'aikata kowa da nasa shiga, kuma ranar da yaro ya bar aiki ko ya tafi gida gaba ɗaya, ranar za a cire shi. Ki duba saitin kamfanin, domin sukan ajiye kwafin duk abin da ya wuce ta hannunsu. Ki sa ya riƙa gogewa, ko ki goge da kanki idan aikin Hajji ko Umara ya kammala. Kada ki buɗe wannan imel a kwamfutar shago. Kuma kafin ki danna aikawa ki karanta lambar sau biyu. Lamba ɗaya in ta kauce, fasfon Alhaji ya faɗa hannun wanda ba ki sani ba, kuma faks ba a janye shi.

Akwai kuma doka. Saudiyya ta fitar da dokar kare bayanan mutane a 2021, ta fara aiki a 14 ga Satumba 2023, aka ba kamfanoni shekara ɗaya su daidaita, hukumar SDAIA ke sa ido a kanta. Dokar ta ɗauki bayanan lafiya a matsayin masu tsananin sirri, ta kuma sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa wajen ƙasa. Kamfanin faks na waje, a kwamfutocinsa na waje takardun ke sauka. Duk mai mu'assasa ko ɗakin shan magani ya tambayi kamfanin a rubuce inda yake ajiye bayanai, ya nuna wa lauyansa amsar kafin ya fara.

Imel ya shigo mini wai an aiko mini faks, in danna in gani. Ni kuwa ban yi rajista da kowa ba.

Ka goge shi. Wannan tsohuwar dabarar 'yan damfara ce, sukan kwaikwayi tambarin sanannun kamfanonin faks. Wanda bai yi rajista ba, ba ta inda faks zai zo masa. Wanda ya yi rajista kuma ya san faks na gaskiya PDF ne ko TIFF liƙe da saƙon, daga adireshin da ya saba gani. In an ce ka shigar da kalmar sirrin imel ɗinka kafin ka gani, ko fayil ɗin ya ƙare da zip ko html ko exe, tarko ne. In kana shakka, ka shiga manhajar kamfanin da kanka ka duba. In faks ne na gaske yana can. Haka nan duk buƙatar tabbatar da shaidarka ta manhajar Nafath da ta faɗo wayarka ba kai ka nema ba, kada ka amince da ita, ko wa ya kira ka ya ce daga ina yake.

Rahoton da ke cewa saƙo ya isa, hujja ne in rigima ta taso?

Yana taimakawa, amma a san iyakarsa. Abin da yake tabbatarwa shi ne na'urar da ke kan lamba kaza ta karɓi shafi kaza a lokaci kaza. Bai ce mudir ya karanta ba, bai ce ya amince ba. Dokar mu'amaloli ta lantarki ta 2007 ta amince da rubutu da sa hannu na lantarki bisa sharuɗɗa, dokar hujjoji da ta fara aiki a 2022 kuma ta ware babi ga hujjar dijital, har da saƙonnin imel. Nauyin da za a ba takardarka kuwa alƙali ne ke auna shi. Abin da nake gaya wa 'yan kasuwa shi ne su ajiye abu uku tare: fayil ɗin da aka aika, rahoton isarsa, da asalin takardar mai sa hannu. In maganar kuɗi ce mai nauyi, ka kira bayan ka aika, ka nemi lambar warid ko amsa a rubuce. A nan faks ta imel ya fi na'ura nesa ba kusa ba, domin rahoton yana nan a ajiye da kwafin abin da aka aika, ba ɗan guntun takardar da ke ɓacewa cikin aljihun tebur ba.

Ɗan'uwana yana Kano, wani kuma yana Gadarif a Sudan. Za su iya amfani da wannan?

A nan ma amfaninsa ya fi fitowa. Tun da wayar hannu ta GSM ta shigo Najeriya a 2001 layukan tarho na girke suka yi ta mutuwa, samun na'urar faks mai aiki a Kano ya zama wahala. Da wannan hanyar ɗan'uwanka yana zaune a Kantin Kwari zai aika wa ofishi a Jidda faks daga wayarsa. A Sudan kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya lalata hanyoyin sadarwa a wurare da dama, saboda haka abin da ya fi sauƙi shi ne ɗan'uwa ya turo maka takardar duk lokacin da ya samu intanet, kai ka aika daga asusunka a nan. In za a kira don tabbatarwa, a tuna agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 2, kuma Juma'a da Asabar ne hutun ofisoshi.

Saƙo ya ƙi tafiya, rahoto yana ta dawowa da gazawa.

Ka karanta dalilin da aka rubuta. In layi ne a cike, kamfanin yakan sake gwadawa da kansa. In ba a amsa ba, wataƙila na'urarsu a kashe take, ko takarda ta ƙare, ko layin ɗaya ne da na tarho sai wani ya danna maɓalli kafin ta karɓa. Sai ka kira su ka ce su shirya. In yana yankewa a tsakiya, ka raba takardar gida biyu ko uku. Ofisoshin da suka koma layin faiba sukan gamu da wannan, domin sautin faks ba ya jure 'yar tsinkewar da murya ke jurewa, kuma maganin da masu gyara suka saba shi ne rage gudun na'urar zuwa 9600.

Ni sau ɗaya ko biyu a shekara nake buƙata. In yi rajista?

Ba sai ka ɗaura wa kanka kuɗin wata ba. Akwai manhajojin da ake biya shafi-shafi, akwai kuma shagunan hidimar ɗalibai da har yanzu wasunsu ke aika faks. In shago ka je, ka tsaya a yi a gabanka, ka karɓi asalin takardarka da rahoton isarwa, in sun yi sikanin a kwamfutarsu ka sa su goge kana gani.

Tsohuwar na'urar fa, in sayar a kasuwar intanet ta Haraj ko in jefar?

Kafin ta bar hannunka ka shiga saitinta ka goge ƙwaƙwalwarta, domin takan riƙe lambobin abokan hulɗa da shafukan da ba ta kai ga bugawa ba. In irin mai naɗin baƙar leda ce, ka ciro ledar ka ɗaga ta a haske: duk takardar da na'urar ta buga, hotonta yana nan a jiki ana karantawa. Ka yayyanka ta, kada ka jefa ta a shara a naɗe. Takardun da aka karɓa a farar takarda mai santsi ta naɗi kuma, wadda zafi ke yi wa rubutu, dushewa suke yi, kuma zafin Jidda yana gaggauta musu. In akwai yarjejeniya ko rasit mai muhimmanci a cikinsu, ka yi musu sikanin yanzu tun ana iya karanta su, ka ajiye kwafi a wuri biyu.